Bas mai dogon zango a babbar hanya: ina za a sa tashar, kuma ina makomar 'yan haya?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da shagon ɗinki a bakin wata babbar hanya da ta haɗa garuruwa da dama da babban birni, kuma a bayan shagon nake haya da 'ya'yana. An kira mu taro aka ce za a kawo manyan motocin bas da ba sa tsayawa sai a 'yan tashoshi kaɗan, kuma za a sake fasalin unguwannin da ke kewaye da tashoshin, a yi benaye da shaguna. Ni dai na fito kaina a ɗaure. Me ya hana a faɗaɗa hanyar kawai a huta? Kuma irinmu 'yan haya, ina makomarmu? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, na gode da wasiƙarki. Ban ga laifinki ba da kanki ya ɗaure, domin aiki biyu aka haɗa muku a taro ɗaya, kuma ba kullum suke jituwa ba.

Bari in fara sallamar maganar faɗaɗa hanya. Layi ɗaya na babbar hanya yana ɗaukar ƙananan motoci kusan 2,000 a awa idan komai na tafiya daidai, kuma yawanci mutum ɗaya ko biyu ne a ciki. Bas 60 masu fasinja hamsin-hamsin, wato ɗaya a kowane minti, za su kwashe mutum 3,000, layin kuma bai ko cika ba. Sannan hanya in ta yi faɗi, masu mota take gayyatowa. A birnin Houston na Amurka an gama faɗaɗa hanyar Katy a 2008, har layukanta suka kai 26 a wasu wurare in an haɗa da na gefe, amma ba a yi shekaru masu yawa ba cunkoson ya dawo. Kada kuma ki manta, filin da ake ƙara wa hanya daga bakinta ake yankowa, wato daidai inda kekenki yake.

Don haka ina goyon bayan bas ɗin, da sharaɗin a ware masa layinsa shi kaɗai. In zai shiga gosulo ɗaya da kowa, sunan sauri kawai ya ara.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Abin da ke ba irin wannan bas sauri shi ne gudun jama'a: ba mararraba, ba danja, ba masu tsallakawa. Unguwa kuwa ba ta raya sai da ƙafar mutane. Masu tsara birane kan zana da'ira mai nisan mita 800 daga tasha, tafiyar minti goma ke nan, su ce nan ne za a cika da gidaje da shaguna da ofisoshi, yadda mutum zai fito daga ɗakinsa ya hau bas ba tare da ya nemi wata motar ba. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma idan tashar a tsakiyar babbar hanya take, mafi tsadar ɓangaren da'irar kwalta ta cinye shi, da hanyoyin da motoci ke hawa da sauka, da ƙara da hayaƙi. Wa zai so tagar ɗakin kwanansa ta kalli wannan?

Na taɓa auna wata tasha irin wannan da ƙafata. A taswira, jifa ɗaya ce tsakaninta da gidajen da ke gefe. A ƙasa kuwa sai da na bi jikin katanga, na zaga, na hau matakala, na ratsa gadar sama, na sauko, minti goma suka wuce. A kan matakalar na tarar da wata dattijuwa da kaya tana hutawa. Tun ranar nan, duk taswirar da aka shimfiɗa mini, hanyar ƙafa nake fara nema kafin in dubi ta mota.

Ba wai tashar tsakiya ba ta aiki ba ne. A Santambul ta Turkiyya, tun 2007 ake tafiyar da bas na Metrobüs a tsakiyar babbar hanyar D100, yanzu tsawonsa ya haura kilomita 50, yana ƙetare mashigin Bosforus, kuma dubban ɗaruruwan mutane ke hawa kullum. Sai dai can birnin ya riga ya cika maƙil a gefen hanyar kafin bas ya zo, fasinja na nan suna jira. Inda ake so bas ɗin ne ya jawo gini, lissafin daban yake.

Wurin da ya fi dacewa a duba shi ne Kuritiba ta Barazil. A 1974, lokacin da Jaime Lerner, wanda masanin zanen gine-gine ne, yake magajin gari, suka buɗe layin bas na farko mai hanyarsa. Abin da ya bambanta su shi ne sun ɗaure dokar gini da layin bas: dogayen benaye a bakin layin, shaguna a hawan ƙasa, kuma kana nisa da layin tsayin ginin da aka yarda yana raguwa. Daga baya da suka zo kan tsohuwar hanyar tarayya BR-116 da ta raba birnin biyu, ba su liƙa mata tasha kawai ba. Hanyar kanta suka mayar titin cikin gari mai layin bas a tsakiya, suka buɗe kashin farko a 2009 da sunan Linha Verde, wato Koren Layi. Ko a nan ma aikin ya ɗauki shekaru masu yawa, don haka duk wanda ya ce muku shekara biyu unguwa za ta canza, ku saurare shi da kunne ɗaya.

In ba za a iya canza hanyar ba, gara bas ya riƙa sauka daga kanta ya shiga tasha a cikin unguwa ya koma. Zai yi asarar 'yan mintoci, kuma ni a ganina asarar ta cancanta a manyan tashoshi biyu ko uku. Abin da nake ƙi shi ne a shimfiɗa ƙaton filin ajiye motoci a ƙofar tasha. Wurinsa tashoshin bayan gari, inda mutane ke zuwa daga nesa.

Tambayarki ta ƙarshe ita ta fi damuna. Ranar da aka sanar da wurin tasha, ranar kuɗin fili ke fara tashi. Mai gida zai samu diyya ko riba, ɗan haya kuwa sau da yawa takardar tashi yake samu, alhali shi ne fasinjan da aka ce don shi ake aikin. Wannan ba ya gyaruwa bayan an zuba kankare, sai kafin a sa hannu a tsarin.

Ki haɗa kai da maƙwabtanki, masu shago da 'yan haya, ku je taro na gaba da sunayenku da shekarun da kowa ya yi a wurin a rubuce. Ku nemi a rubuta kason gidaje masu sauƙin haya da ƙananan shaguna da dole kowane mai gini ya ware, da cewa ku na wurin za a fara ba wa. Ku nemi a yi aikin kashi-kashi, kuma kada a toshe ƙofar shago lokacin gini. Alkawarin baki a taro ba ya ɗaure kowa, ku ce a sa shi cikin ƙa'idar gini. Sannan ki roƙi injiniyan ya tako tare da ke daga ƙofar shagonki zuwa inda ya ce tashar za ta kasance, kuna duba agogo.