Matambayi Ba Ya Ɓata: Ta Wace Ƙofa Kuka Ke Shiga Majalisa?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata sun karkata kan Majalisar Tarayya, shi ya sa edita ya turo mini su nan Gombe, da yake ya san na yi shekara takwas ina riƙe wa wani ɗan majalisar wakilai jaka da takardu a Abuja kafin in dawo gida in kama noman wake da masara. Ni ba lauya ba ne, abin da idona ya gani a ofis da ɗakunan kwamiti zan faɗa. Na zaɓi huɗu, sauran su yi mini haƙuri zuwa wata mai kamawa.

TAMBAYA: Malam, ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Kwari yana cin gidajenmu duk damina, har katangar makarantar allo ya tafi da ita. Ɗan majalisarmu na tarayya ya kai maganar zaure, muka ji da kunnenmu a rediyo an ce majalisa ta amince a yi gyara. Har walima muka yi. Ga damina biyu sun wuce, ko buhun siminti ba mu gani ba. Yaudararmu aka yi, ko kuɗin aka ci?
Sakataren unguwa, jihar Gombe

AMSA: Malam Sakatare, Allah ya mayar muku da alheri. Mai yiwuwa ba a yaudare ku ba, ba a kuma ci kuɗinku ba, domin tun farko babu kuɗin. Kalma ɗaya ce ta jefa ku cikin wannan, wato "ƙudiri". A rediyo da ita ake kiran abubuwa biyu da suka yi hannun riga.

Na farko shi ne wanda ɗan majalisa zai miƙe ya ce ga matsala a mazaɓarsa, wani ya mara masa baya, a ɗan tofa albarkacin baki, kakaki ya ce masu goyon baya su amsa, a amsa da murya, a buga guduma. Duk abin ba ya wuce minti goma sha biyar. Matsayar da ta fito daga nan kira ce kawai ga ma'aikatar da abin ya shafa. Minista zai iya karantawa ya jefa a aljihun tebur, babu kotun da za ta kama shi. Na biyun shi ne ƙudirin doka, wanda zan yi bayaninsa a amsa ta gaba. Daga yadda ka ba da labari, naku irin na farko ne. Ban ce ba shi da amfani ba: ya sa sunan unguwarku a kundin zaman majalisa, kuma takarda ce da za ku riƙa kafa hujja da ita. Amma ba ya sayen siminti.

Siminti a kasafin kuɗi yake. Muddin ba a rubuta sunan aikinku da adadin kuɗinsa a ƙarƙashin wata ma'aikata ko hukuma ba, to ba a fara ba. Shugaban ƙasa yakan kai kasafi gaban majalisun biyu wajen ƙarshen shekara, daga nan kowace ma'aikata ta zo gaban kwamitinta ta kare nata kason. A waɗannan makonni ne ake cusa aiki, ake kuma zare shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ku tari mutuminku tun lokacin dogon hutun majalisa, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, sa'ad da yake gida.

Kada ku je hannu rabbana. Na ga wakilan gari sun cika mana falo, an sha lemo, an yi addu'a, an tashi ba a bar ko fallen takarda ba, washegari maigida ya tambaye ni, "Wai su waye suka zo jiya?" Na kuma ga wasu dattawa uku da suka zo da shafi biyu kacal: hotunan wurin kafin ruwa da bayansa, tsawon ramin da mita, yawan gidajen da ke bakin haɗari, kiyasin wani injiniya ɗan garinsu, da sa hannun hakimi da limami. Takardar nan da kaina na kai ta wurin akawun kwamiti, domin ba ta buƙatar in ƙara komai. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma sai ya nuna wa mai gyara da yatsa.

Za ku ji ana maganar kuɗin ayyukan mazaɓu. Shekaru da dama ana ware naira biliyan 100 don wannan, ga sanatoci 109 da wakilai 360, kuma ba daidai ake rabawa ba. Ɗan majalisa yana zaɓen aiki ne da wurin da za a yi shi, hukumar gwamnati ce ke ba da kwangila, aƙalla haka tsarin ya ce. Irin kason nan zai haƙa rijiyar burtsatse ko ya gina aji biyu, amma babban kwari ya fi ƙarfinsa. Ku nemi a sa aikin a kasafin ma'aikatar muhalli, ko a tura shi asusun tarayya na kula da muhalli. Ku kuma ƙwanƙwasa ƙofar jiha a lokaci guda, tunda muna da 'yan majalisar dokoki 24 a nan Gombe, kuma ganin naku bai kai kuɗin motar Abuja ba. In aikin ya shiga kasafi, a dakata da walima, domin rubuta kuɗi daban, sakinsu daban. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar rubuta wa hukumar ku tambayi nawa aka saki da wanda aka ba kwangilar, kuma kwana 7 doka ta ba ta ta amsa.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a jami'ar tarayya ta Kashere. Mu da ƙawayena muna da shawarar doka kan tallafa wa 'yan matan karkara su gama sakandare. Talaka zai iya kai ƙudirin doka majalisa da kansa?
Ɗaliba, Kashere

AMSA: 'Yata, Allah ya yi albarka. Da sunanki ba zai shiga ba, sai ta hannun sanata ko ɗan majalisar wakilai, ko kuma ya fito daga ɓangaren shugaban ƙasa. Amma babu dokar da ta ce su ne za su rubuta. Ku rubuta, ku samo wanda zai ɗauka, kuma ba lalle ya zama ɗan mazaɓarku ba.

An taɓa yi. Dokar nan ta rage shekarun tsayawa takara ƙungiyoyin matasa ne suka tayar da ita, Tony Nwulu ya ɗauka a majalisar wakilai, Abdul'aziz Nyako na Adamawa ya ɗauka a ta dattawa, zamanin Yakubu Dogara na jihar Bauchi yana kakaki. Da yake gyaran kundin tsarin mulki ne, sai da ta nemi amincewar aƙalla majalisun jihohi 24 cikin 36. Buhari ya sa hannu ranar 31 ga Mayu 2018. Shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25. Sanatoci kuwa suka bar nasu a 35, kowa ya san dalili.

Ga yadda tafiyar take. Karatu na ɗaya ambaton sunan ƙudirin ne kawai. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa, in ya tsallake a miƙa wa kwamiti. Kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, kuma nan ne wuri ɗaya da ke da kanki za ki iya zama gaban makirufo ki yi magana, ko ki aika da ra'ayinki a rubuce. Takaicina a shekarun nan takwas shi ne, ɗakin kan cika da ƙungiyoyin Legas da Abuja, da wuya ka ji wanda ya ce daga Dukku ko Nafaɗa ya zo, ko da dokar su za ta fi shafa. Bayan rahoton kwamiti sai a bi ƙudirin sashe-sashe, a yi karatu na uku, a aika wa ɗaya majalisar ita ma ta yi nata. In an sami saɓani a haɗa kwamitin daidaitawa. Sannan a kai wa shugaban ƙasa, wanda sashe na 58 na kundin tsarin mulki ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa za su iya mayar da shi doka ba da shi ba. Haka suka yi wa Obasanjo a 2000 kan hukumar raya yankin Neja Delta, amma abu ne da ba kasafai ake gani ba.

Yawancin ƙudirori a kwamiti suke kwana, ba wanda ya kashe su, ba wanda ya tashe su. Wa'adin majalisa na shekara huɗu na cika, duk wanda bai zama doka ba ya faɗi, sai a sake ɗauko shi a sabuwar majalisa. Dokar man fetur tun 2008 take kai da komo, sai Agusta 2021 aka sa mata hannu. Ta hukumar raya arewa maso gabas, NEDC, ta fi sauri, an sa mata hannu a Oktoba 2017, don 'yan majalisar jihohinmu shida sun haɗa kai a kanta.

Shawarata gare ku dai ku fara da majalisar jiha. Makarantun sakandaren ƙauyukanmu kusan duk na jiha ne, majalisa ɗaya ce za ku bi maimakon biyu, kuma daga Kashere zuwa Gombe ba tafiyar kwana ba ce.

TAMBAYA: Malam, maigidana ya rasu yana aiki a wata hukumar tarayya. Shekara huɗu ke nan ina bin haƙƙinsa, kullum a ce fayil na sama. Ga marayu biyar. An ce majalisa na karɓar koke. Gaskiya ne?
Uwar marayu, jihar Bauchi

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Gaskiya ne, kuma a ganina ita ce ƙofar da ta fi yi wa talaka amfani, ga ta kyauta. Kowace majalisa tana da kwamitin sauraron koke-koken jama'a.

Ki sa a rubuta takardar zuwa ga kakakin majalisar wakilai ko shugaban majalisar dattawa, ta hannun wakilinku, shi ne zai gabatar da ita a zaure. A yi ta da Turanci. Sashe na 55 ya ambaci Hausa da Ibo da Yarabanci in an yi tanadin da ya dace, amma har yau da Turanci ake aiki. A sa sunan mamaci, lambar aikinsa, ranar rasuwa, da duk wasiƙun da kika taɓa kaiwa. Ban da zagi, komai zafin rai. A ƙarshe a faɗi abin da kike nema cikin layi ɗaya ko biyu, ki sa hannu ko ki dangwala yatsa. Kwafi za ki haɗa, takardun asali su zauna a akwatinki. Wannan darasi a jikina na koye shi: na taɓa karɓar takardun asali na wani dattijo, muka canja ofis, wata biyu ina neman ambulan ɗin, ban yi barcin kirki ba sai ranar da ya fito a bayan kabad.

In maganar tana gaban kotu, kwamiti ba zai taɓa ta ba. In ba ta can, sashe na 88 da na 89 sun ba majalisa ikon gayyatar shugaban hukumar ya zo ya yi bayani, har a ba da sammacin kawo shi in ya yi taurin kai. Matsayar kwamiti ba hukuncin alƙali ba ce, amma na sha ganin fayil da ya shekara uku "a sama" ya sauko ana saura kwana biyu zama, don babban darakta ba ya son a tsayar da shi gaban 'yan jarida kan haƙƙin marayu. Ki samu wani ɗan'uwa mai waya ya riƙa bin akawun kwamitin, ana ɗage zama ba sanarwa, kada ki yi asarar kuɗin mota.

TAMBAYA: Ɗan majalisarmu tun da aka rantsar da shi ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Yaya ake kiranye?
Matashi mai fushi, bai faɗi garinsa ba

AMSA: Ɗana, sashe na 69 ya ce sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu. Ka lura, masu rajista aka ce, har da waɗanda ba su fita ranar zaɓe ba. INEC ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Tun 1999 ba a taɓa dawo da ɗan Majalisar Tarayya ko ɗaya gida ta wannan hanya ba. An gwada kan Sanata Dino Melaye a Kogi, ranar tantancewa a 2018 sa hannun da suka tabbata kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kacal na masu rajista. A 2025 an sake gwadawa kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan, ita ma ta Kogi, INEC ta ce masu sa hannun ba su kai adadin da doka ta nema ba.

Rashin ganinsa a gida ma ba shi ne ma'auni ba. Ka binciko ƙudiri nawa ya kai, a wane kwamiti yake, me ya sa wa mazaɓarku a kasafin bana, wanda ke shafin intanet na ofishin kasafin kuɗi na tarayya. Ka turo mini sunan mazaɓar a wasiƙa ta gaba, in nuna maka yadda ake lalubo layinku a ciki.