Batirin Da Ake Bugawa Kamar Takarda: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, na ji an ce yanzu ana buga batir da wayoyin lantarki da tawada, kamar yadda ake buga jarida. Gaskiya ne? Kuma zai maye gurbin batirin wayar salula?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, amma ba don wayar salula aka yi shi ba. An yi shi ne don ƙananan na'urori masu aika bayanai, irin tambarin da ake manna wa kwalin magani don lura da zafinsa, ko filastar da ke auna zazzaɓin majiyyaci. Ana shimfiɗa tawadar azurfa ko ta gawayi a kan siririyar ledar PET (irin robar gorar ruwa) ta zama hanyar wuta, sai a buga tutiya a gefe guda, sinadarin manganis a ɗaya gefen, a sa jiƙaƙƙen mayani a tsakani, a rufe. Kowane gidan batir guda yana ba da volt 1.5, don haka ana haɗa biyu a jere a samu volt 3. Kaurinsa bai kai milimita 1 ba, alhali batirin CR2032 mai kamar kwabo kaurinsa milimita 3.2 ne. Kamfanin Enfucell na Finlan da Blue Spark na Amurka suna cikin waɗanda suka daɗe a wannan sana'a.

Sai dai a fahimci abu ɗaya: bugawa siffar batir take canzawa, ba ta ƙara masa wuta. Sirantaka da lanƙwasuwa ake samu, a biya da faɗi. Kowace santimita murabba'i 'yan mAh (ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa) kaɗan take ɗauka, yayin da CR2032 ke ɗauke da kimanin mAh 220.

Tambaya: Na haɗa na'urar auna zafi mai aikawa ta Bluetooth, na sa mata bugaggen batir mai mAh 20. Da zarar ta tashi aika saƙo sai ta mutu ta sake kunnuwa, ga batirin sabo fil. Ina matsalar take?

Amsa: Kusan tabbas turjiyar cikin batirin ce, wato yadda yake tauye wucewar wuta; da om ake auna ta. Batiri siriri yana da wuta a ajiye, amma ba ya iya sakinta da yawa a lokaci guda. Mu yi lissafi. A ce rediyon na'urarka, wato ɓangaren da ke aika saƙo, yana jan miliamfa 6 na tsawon milisakan 3 duk sanda zai yi aike, turjiyar batirin kuma om 100 ce. Ninka 0.006 da 100, ka ga volt 0.6 ya zube nan take. Idan batirin ya ɗan tsufa ko sanyi ya kama shi, turjiyar ta ƙaru, ƙarfin wutar ya faɗi ƙasa da abin da ƙwaƙwalwar na'urar ke jurewa, sai ta sake tashi daga farko. Tashin kuma shi ma yana jan wuta, sai a yi ta zagaye wuri ɗaya.

Maganin shi ne kafasita, wato 'yar ma'ajiyar wuta, a daf da ƙafafun rediyon, ta riƙa tara wuta a hankali tana sakinta lokacin aike. Girmanta: ninka wutar da ake ja da tsawon lokacin, ka raba da faɗuwar da za ka lamunta. Miliamfa 6 sau milisakan 3, a raba da volt 0.2, ya ba da maikurofarad 90. Sa ta 100 ko sama da haka. Ka lura, kafasitar tangaran tana rasa wani kaso na ƙarfinta idan wuta na kanta, don haka zaɓi wadda aka rubuta mata volt 6.3 ko 10, ko ka jera biyu.

Sannan ka dubi layukan da aka buga. Tawadar azurfa ba ta kai jan ƙarfen allon lantarki na yau da kullum saurin wucewar wuta ba, turjiyarta takan ninka tasa sau goma ko fiye. Layin da ke ɗauko wuta daga batir ya zama gajere mai faɗi. Na fi son a ɓata wuri a faɗaɗa shi da a tsuke shi don kyan gani.

Wata shawara da ba ka tambaya ba, amma ita ce ta fi muhimmanci: rage yawan aiken. Idan na'urar na aikawa kowace daƙiƙa, matsakaicin abin da take ci maikuro'amfa 18 ne, a ƙara 2 na lokacin barcinta, 20 ke nan. Batirinka zai yi awa 1,000, wajen kwana 42. Mayar da aiken sau ɗaya a daƙiƙa 10, cin ya sauko 3.8, batirin ya kai kusan wata 7. Babu wata fasahar bugawa da za ta ba ka irin wannan riba a kyauta.

Tambaya: Shin za a iya raba na'ura da batir gaba ɗaya, ta rayu da hasken ɗaki?

Amsa: Ana yi, kuma nan ne bugawa ta fi burge ni. Kamfanoni irin su Epishine na Suwidin da Dracula Technologies na Faransa suna buga faifan sola siriri da aka tsara don hasken fitila. Amma hasken ofis lux (ma'aunin haske) 300 zuwa 500 ne, na tsakar rana kuwa yakan kai 100,000, don haka abin da ake tsinta kaɗan ne, wajen maikurowat 15 a kowace santimita murabba'i idan hasken na da kyau.

Ɗauki na'urar ɗan'uwanmu na sama. A maikuro'amfa 20 da volt 3, tana cin maikurowat 60 dare da rana. Idan fitila na kunne awa 8 kacal, dole faifan ya samar da ninki uku, 180, a ƙara asarar juya wuta ya kai wajen 240. Faifai mai santimita 4 tsawo 4 faɗi ke nan. Da aiken daƙiƙa 10 kuwa, santimita murabba'i 3 ko 4 sun wadatar. Ana buƙatar guntun silikon mai tattara wuta, irin BQ25570 na Texas Instruments, da ma'ajiya don dare. Idan babbar kafasita ce ma'ajiyar, auna yoyonta tukuna, domin wadda ke zubar da maikuro'amfa 5 ta fi na'urar mai aiken daƙiƙa 10 ci.

Idan kuma ba sai na'urar ta yi magana da kanta ba, NFC, fasahar karanta bayani ta kusanto da waya, ta fi sauƙi: a buga eriya mai zagaye, wayar da aka kusanto da ita ta ba ta wuta a kan megahaz 13.56, ta karanta bayanin.

Tambaya: Na gwada liƙa kayan aiki a kan bugaggen allo da dalmar da na saba, ledar ta tattare. Kuma me ya sa ba a buga komai da komai, har da cajar bango?

Amsa: Dalmar liƙi ta zamani, wadda ba a sa mata gubar darma ba, tana narkewa ne a wajen digiri 217, ita kuwa PET tana fara lalacewa tun wajen 150. Yi amfani da gam mai ɗauke da azurfa, ko dalmar kuza da bismut mai narkewa a 138, ko ka koma ledar foliyimayid mai jure zafi. Bayan liƙawa ka ɗiga gam mai tauri a kewayen kowane guntu, saboda a bakin abu mai tauri ne layi ke tsagewa in an lanƙwasa. Ka kuma rufe layukan azurfa da tawadar gawayi ko fenti mai hana danshi. In laima ta shiga tsakanin layuka biyu masu wuta, azurfa takan yi tsiro daga ɗaya zuwa ɗaya har ta haɗe su.

Batun caja kuwa, turanzistar da aka buga, wato 'yar makunnin da ke kunna wuta da kashe ta, ba ta da saurin ta silikon ko kusa, kwayil (naɗaɗɗen layin wuta) ɗin da aka buga kuma yana ɓata wuta saboda turjiyarsa. Ƙanƙantar caja tana zuwa ne daga saurin kunnawa da kashewa, shi ya sa cajojin GaN, masu turanzistar sinadarin galiyam naitirayid, suka fi na da ƙanƙanta. Ga kuma tazarar kariya da dole a bari tsakanin wutar gida da hannun mutum, wadda ba a tsuke ta. Kada ka taɓa haɗa bugaggen allo na gwaji kai tsaye da soket.