Da an wuce ni a kan keke sai na rama: cuta ce ko hali?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne, na haura shekara arba'in, ina zaune Mabera a Sakkwato, ina aiki wajen Farfaru. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 na jingine mashin na koma hawan keke. Damuwata ita ce, duk wanda ya wuce ni a kan keke, ko ɗan makaranta ne, sai in ji raina ya ɓaci, hankalina ba ya kwanciya sai na kamo shi na sha gabansa. Akwai wani matashi da muke haɗuwa kusan kullum, ko gaisawa ba mu taɓa yi ba, amma da mun haɗa ido sai tsere. Kwanan nan saura ƙiris ɗan kabu-kabu ya kwashe ni ina cikin ƙoƙarin wuce matashin. Shin wannan cuta ce? Kuma yaya ake wuce mai keke ba tare da an jawo hatsari ba?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara tsarewa, kuma na ji daɗi da ka tambaya tun ana iya tambaya, domin da yawa sai a gadon asibiti suke fara wannan tunani.

Ba cuta ba ce. Abin da kake ji a ƙirjinka sananne ne, har ma yana cikin abubuwan farko da masu nazarin halayyar ɗan Adam a cikin jama'a suka bincika. A shekarar 1898 wani mai bincike a Jami'ar Indiyana ta Amurka, Norman Triplett, ya duba bayanan gasar tseren keke, ya lura cewa mahayi ya fi gudu idan akwai wani tare da shi fiye da idan shi kaɗai ne yake tsere da agogo. Ganin wani a gabanka yana tayar da ƙarfin da ba ka san kana da shi ba. Wannan a jikin kowa yake. Abin da ya ƙaru a naka shi ne, ka sauka daga mashin ka hau keke ba da son ranka ba, don haka idan yaro ya wuce ka, zuciya na iya raya maka cewa raini ne. Alhali shi yaron ƙila makara ya yi, ko fuskarka bai kalla ba.

Akwai kuma wata yaudara da iska ke yi wa mahayi, wadda nake so ka gane sosai domin ita ce ke jefa mutane cikin tseren da ba su shirya ba. Idan kana bin bayan wani kusa-kusa, shi ne ke tsaga maka iska. 'Yan tsere na gaske suna rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsu ta haka. Mu da ke tafiyar zuwa aiki abin bai kai haka ba, sai dai a lokacin hunturu, in kana fuskantar iskar nan da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, sauƙin da kake samu a bayan mutum ba kaɗan ba ne. Sai ka ji feda ta yi laushi, ka ce ai wannan ba ya sauri, bari in wuce. Kana fitowa gefensa iskar da yake tare maka ta buge ka, ka ga kun jera, kai ba ka wuce ba shi bai tsaya ba. A nan ne ɗan kabu-kabu ke iske ka.

Mu yi lissafin wannan jerawar, domin hatsarin duka a cikinta yake. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka mai keke yana gefen dama, kuma wucewa ta hagu ake yi. Ma'ana, duk sanda za ka wuce wani mai keke, dole ka bar gefenka ka shiga layin mashina da Keke Napep da motoci. Kafin ka taso daga bayansa ka koma gabansa da tazara mai kyau, kana bukatar ka ci masa kamar mita 10. Idan gudunka ya fi nasa da kilomita 6 a awa, cikin daƙiƙa 6 ka gama. Idan kuwa da kilomita 2 kawai ka fi shi, za ka kwashe daƙiƙa 18 a cikin layin motoci, kuma a gudun kilomita 22 a awa wannan ya haura tafiyar mita 100. To, ina ga in shi ma ya ji haushi ya ƙara taka feda? Lissafin ya tashi, ku biyu kun tare rabin titi ba ranar rabuwa, kowa idonsa na kan tayar ɗan'uwansa, babu mai waiwaye. Na tabbata haka abin ya faru da kai ran nan.

Ribar fa? A ce kun yi tsere na kilomita guda, ka ɗaga gudunka daga kilomita 18 zuwa 25 a awa. Abin da ka rage bai cika minti ɗaya ba, daƙiƙa 56 ne. Amma ƙarfin da za ka kashe wajen tsaga iska ya ninka fiye da sau biyu da rabi, domin wahalar iska ba ta hawa daidai da gudu, tana rigan sa hawa nesa ba kusa ba. Nisan da birki ke bukata kafin ka tsaya shi ma ya kusa ninkawa. Ga shi a gudun 25, daƙiƙa guda da za ka ɓata kafin hannunka ya kai ga birki mita 7 ce ta tafi. Wannan mintin da ka saya da tsada, cunkoson shataletale ɗaya ko jiran tsallaka mahaɗa zai karɓe shi, ka waiga ka ga wanda ka wuce ya iso yana numfashinsa lafiya lau.

Ban ce kada ka wuce kowa ba. Dattijon da ya ɗauro kayan miya daga fadama a kan kariya, ko yaron da ƙafarsa ba ta gama kai wa feda ba, ba za ka bi bayansu har Farfaru ba. Ma'aunin da nake ba mutane guda ɗaya ne: in ka wuce shi, za ka iya ci gaba da wannan gudun ba tare da haki ba? In za ka iya, gudunka ne ya kawo ka, wuce abinka. In kuwa sai ka miƙe tsaye a kan feda ka cije baki, kuma ka san bayan mita ɗari biyu za ka lafa ya sake cim maka, to ba wucewa kake ba, faɗa kake nema. Ka ja baya, ka bar tazarar tsawon keke biyu ko uku a tsakaninku, domin mai keke ba shi da fitilar birki da za ta gargaɗe ka in zai tsaya.

Idan wucewar ta zama dole, fara da waiwaye ta kafaɗar hagu. Waiwaye na gaske, ba saurare da kunne ba, tunda akwai mashina da ke gangarowa shiru, ga kuma masu amfani da lantarki da suka fara shigowa. Mutane da yawa in sun waiga sai kan keken ya bi su ya karkata hagu, don haka ka gwada a fili har hannunka ya saba. Sannan ka miƙa hannun hagu, ka kaɗa ƙararrawa tun kana nesa, ba sai ka zo dab da kunnensa ka firgita shi ba. In ba ƙararrawa, baki ya isa: "Gafara dai, ga ni ta hagu." Ka ba shi fili kamar mita guda, ka ƙara in yana ɗauke da kaya, domin buhun albasa ko damin kara ya fi kan keke faɗi, kuma mai kaya ba ya iya kauce wa rami sai da lilo. Kada ka yanko gabansa sai ka waiga ka ga tayarsa ta gaba ta yi nisa. In tayarka ta baya ta taɓa tasa ta gaba, shi ne zai faɗi, kai kuwa ƙila ba ka ma ji ba.

Ta dama kam kada ka kuskura. Duk wanda ya san titunan Sakkwato ya san yadda rairayi ke taruwa a bakin kwalta, musamman bayan iskar hunturu da farkon damina. Siririyar taya in ta shiga rairayi da gudu, kan keke ƙwacewa yake yi. Ga kwata, ga mai kabu-kabu da zai tsaya ɗaukar fasinja ba sigina, ga ƙofar mota da za a buɗe. Haka nan a bakin shataletale, da mahaɗa, da ƙofar makaranta lokacin tashi, da kewayen Babbar Kasuwa, a haƙura da wucewa gaba ɗaya. Manyan motoci kuwa, irin tirelolin da ke ɗauko siminti daga Kalambaina da tifofin yashi, direba ba ya ganin abin da ke manne da gefensa ko da ya so. In babbar mota na tafe a bayanku, ku koma layi ɗaya har ta wuce.

Ka duba keken ma. Da yawa cikin waɗanda aka zaro daga ɗaki bayan tsadar mai tsofaffin Raleigh da Phoenix ne masu birkin ƙarfe. Kekuna ne masu ƙarko, an yi su don kaya da doguwar tafiya a natse. Birkinsu ba na tsayawar gaggawa ba ne, kuma in ruwa ya jiƙa ƙarfen tayar sai roba ta riƙa zamewa. Kai wa mai gyara ya duba robar birki gaba da baya, ka ɗaure ƙafar wando ko ka tattare riga kada kaca ta kama, ka nemi hular kwano.

Sauran rabin tambayarka, wanda ba ka yi ba, shi ne abin da za ka yi in kai ake wucewa. Riƙe layinka, kada ka ƙara gudu, in da hali ma ka ɗan sassauta feda ya wuce da wuri. Mutumin nan yana cikin layin motoci, kuma kowace daƙiƙa da ka ƙara masa a can kana da hannu a cikin abin da zai same shi. Manzon Allah (SAW) da ya lissafa haƙƙin hanya, ya sa kamewa daga cutar da mutane a ciki. Ni a ganina tsere wa wanda ke ƙoƙarin wuce ka a titi mai cunkoso ya shiga wannan babi kai tsaye.

Game da matashin nan, gobe in kun haɗu ka yi masa sallama. Da gaske nake. Yana da wuya ka yi gaba da wanda ka tambaya ya kwanan gida, kuma kai ne babba, kai ya kamata ka fara. Ƙila ma ku zama abokan tafiya, wannan ya shiga gaba ya tsaga iska, can ku yi musanya. Idan kuma son gasar na nan, kada ka kashe shi, abu ne mai amfani in an kai shi inda ya dace. Ku zaɓi safiyar Asabar bayan sallar asuba, a hanyar da ba zirga-zirga, ku gwada ƙwanji, ko ka riƙa auna kanka da agogo.

Akwai abu ɗaya da shekarunka suka sa dole in faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma zuwa aiki da dawowarka sun riga sun cika wannan ba tare da tsere ba. Matsakaici shi ne wanda za ka iya yin magana kana cikinsa. Amma mutumin da ya shekara da shekaru a kan mashin, ya zo yana fizgar keke da dukkan ƙarfinsa a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, yana ɗora wa zuciyarsa nauyin da ba ta saba ba, balle in da azumi a baki. Ka je a auna maka jini, domin hawan jini ba ya sallama. Ka riƙa tafiya da ruwa. In ka taɓa jin nauyi ko ciwo a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya ƙi dawowa daidai bayan ka huta, sauka daga keken nan take, ka sami inuwa, kuma ka ga likita a ranar, kada ka bari sai ƙarshen mako.