Parabol da kallo ta intanet: tambayar yaron shago da amsar maigidansa

Yaron ya ce: Maigida, samarin Damagaram sun koma kallon YouTube da Netflix a waya, wasu ma sun daina biyan abonoma. Kenan aikinmu na girka parabol ya kusa mutuwa?

Maigidan ya ce: Zauna, ɗana, mu yi lissafi. Tauraron SES-4 da muke juya farantin Canal+ wajensa, can yamma a digiri 22, sigina ɗaya yake zubowa. Ko gida goma ne suka kama, ko miliyan, nauyinsa bai ƙaru ba. A intanet kuwa kowane mai kallo da nasa kason da ake aiko masa shi kaɗai. Netflix na cin kusan giga 1 a awa idan hoton matsakaici ne, HD har giga 3, 4K kuma har 7. Wasan ƙwallo da hutun rabin lokaci kusan awa biyu ne, ka ga giga 6 sun tafi a zama guda. Je ka tambayi kuɗin forfe na giga 6 a Airtel, Moov ko Zamani, ka ninka da wasannin wata, ka aza kusa da kuɗin abonoma. Mai gidan kallon ƙwallo a Zongo ba zai yar da dekodarsa ba. Ga kuma jinkiri: hoton intanet yakan zo a baya da daƙiƙa 30 ko fiye, sai ka ji maƙwabta na ihun an ci, kai ɗan wasanka bai ma ɗauki kwana ba.

Inda abin ya ci kasuwa da gaske Amurka ce. A 2015 HBO ta fara sayar da shirye-shiryenta kai tsaye ta intanet, ba sai kana da kebul ba, wato wayar da ke kawo tashoshin talabijin gida, Disney+ ta biyo a 2019, gidaje da dama suka yanke kebul. Amma kamfanin da ke kai talabijin ta wayar nan shi ne dai ke kai intanet ta cikinta, don haka abin da ya rasa nan ya nemo shi can. A wajenmu ma masu tashoshin ba barci suke ba. A 2025 Canal+ ta saye MultiChoice mai DStv, ta kuma ƙulla yarjejeniya da Netflix don sa shi cikin abonomarta a ƙasashen Afirka masu Faransanci. Masu sayar da data su ne za su fi cin riba, su ne kuma za su sha nauyi: bayan isha'i kowa a unguwa ya hau eriya guda, shi ya sa hoto ke tsinkewa ƙarfe tara na dare alhali da hantsi lafiya lau yake.

Abin da ke damuna shi ne yaron da ya iya RG6 (wayar parabol) da LNB (kan da ke kama sigina a gaban faranti) kawai. Wanda ya sayi talabijin mai intanet kai zai kira idan hoto na tsayawa, kuma dole ka san inda cutar take. Fara da gwada gudun layin a gindin rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, sannan a gaban talabijin. HD na son gudun mega 5 a daƙiƙa, 4K na son 15. Idan a gindin rauta ya kai, a ɗaki bai kai ba, laifin bango ne. Katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen Birni tana shanye wifi, musamman na 5 GHz. Na 2.4 ya fi ratsa bango, amma ba shi da gudu. Kada ka wahalar da kanka, ja wayar intanet Cat6 daga rauta zuwa talabijin, kada ta wuce mita 100, ka matse kan RJ45, wato filogin wayar, da jerin launi iri ɗaya a bakin nan da wancan, ka gwada da testa kafin ka buga kilif. Silin waya ɗaya da bai shiga ba yana iya mayar da layi mai gudun mega 1000 zuwa mega 100, ko ya kashe shi ɗungurum.

Kada ka ɗora rauta ƙarƙashin kwano ko bayan talabijin. Zafin Afrilu da Mayu na sa ta kashe kanta ta sake tashi, mai gida ya yi ta zagin rezo. Yawancinsu bolt 12 suke ci, wat 10 ko ƙasa, ƙaramin batir ya isa ya riƙe su idan an ɗauke wuta.

Starlink kuma, intanet ta tauraron ɗan adam da ya fara aiki a Nijar a 2025, ba a saita shi kamar parabol, don taurarinsa tafiya suke. Sarari yake so. Buɗe manhajarsa a waya, ka zagaya rufin har ka sami inda bedi ko tankin ruwa ba su tare sama ba, sannan ka huda. Babban farantin na jan wat 75 zuwa 100, ka sa shi cikin lissafin fano da batir tun kafin ka faɗi farashi.

Gobe da safe ka zo da kawunan RJ45 ashirin da mita biyar na Cat6. Sai ka matse goma a jere testa bai ƙi ko ɗaya ba kafin in tura ka gidan mutane.