Ku Tambaya Mu Amsa: Darasin Wajen Aji da Fita Ziyara a Makarantun Ƙauye

Tambayoyin wannan fitowa daga malaman firamare na karkara suka zo, sai guda ɗaya daga wani uba. Masu amsawa tsofaffin malamai ne da masu duba makarantu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kaɗai nake riƙe da aji biyu da aji uku a ɗaki guda. Yara sun haura 70, babu littafi, sai alli da allo. Ɗebewa mai aro ce ta gagare su. Me zan yi da abin da ke hannuna? *Malamin firamare, daga yankin Gumel*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da ajiye sunan aji a gefe. Ka ware kwana biyu ka gwada kowane yaro shi kaɗai, minti biyu-biyu: ya karanta 4 da 9, sannan 36 da 81, sannan ya yi tarawa guda da ɗebewa guda. Za ka tarar da ɗan aji uku wanda bai san 36 ba, da ɗan aji biyu da ya iya ɗebewa. Da sakamakon nan za ka kasa su gida uku, kowane gida da aikinsa, kai kana zagayawa.

Kayan aikinka sillen kara ne. A yanka shi taƙi ɗaya-ɗaya, a ɗaure goma-goma da zare. Kowane rukuni na yara shida ya samu ɗauri 9 da sille 20 warwas. In za a cire 17 daga 42, yaro ya ajiye ɗauri 4 da sille 2. Ka ce ya ba ka sille 7. Zai ga babu, dole ya kwance ɗauri guda, sille su zama 12, ɗauri ya koma 3. Ya ba ka 7, saura 5. Ya ba ka ɗauri 1, saura 2. Amsa 25, kuma da hannunsa ya yi aron.

Duk yaron da ya rubuta maka 35, ba ganganci ya yi ba: 2 ya cire daga 7, don a ganinsa ƙarami ake cirewa daga babba ko'ina yake. Shi ne zai fi daɗewa a kan kara. Kada kuma kara ya tafi shi kaɗai. Duk motsin da hannu ya yi, wani yaro ya rubuta shi da lamba a ƙasa ko a allo, in ba haka ba ranar jarrabawa sai ka ga sun iya kara ba su iya takarda ba. Ranar Litinin a sake ƙirga ɗaurukan, don ɗaurin da ya koma tara zai ɓata lissafin mako guda ba ka sani ba.

Tambaya: Hedimasta ya ce in shirya wa 'yan aji biyar fita ziyara a wannan zango. Makaranta ba ta da ko sisi na mota, iyaye kuma ba za su biya ba. Ko in haƙura? *Malama, daga yankin Kazaure*

Amsa: Malama, kada ki haƙura, ba mota kike bukata ba. Da wuya ƙauyen da ke da makaranta ya rasa maƙera, ko injin niƙa, ko lambun fadama, ko asibitin sha-ka-tafi a tafiyar minti 20 da ƙafa. Yaran suna wuce wuraren nan kullum, amma ba su taɓa zuwa da tambaya da fensir ba, kuma nan darasin yake. Ziyarar da aka fita babu tambaya yawo ce kawai.

Mu ɗauki maƙera. Kwana guda kafin fita, ki rubuta tambayoyi uku a allo, kowa ya kwafa. Daga ina ƙarfen yake zuwa, kuma nawa ake sayensa? Me ya sa ake zuga wuta? Fartanya nawa ake ƙerawa a yini, kuma nawa ake sayar da guda? Ta farko za ta kai su ga tsohon sifirin mota da sauran ƙarafan gwangwan da ake mayarwa kayan noma. Ta biyu kimiyya ce, yadda iska ke ƙara wa gawayi zafi. Ta uku lissafin uwar kuɗi da riba ne, wanda zai ishe ki darasi biyu bayan an dawo.

Amma tun mako guda kafin nan ki je da kanki, ki gaisa da maƙerin, ki nemi izininsa, ku tsayar da ranar da ba ta kasuwa ba, ki duba inda yara za su tsaya. Hedimasta ya sanar da ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma a rubuce, a kuma shaida wa mai gari. Iyaye kuwa, takardar boko da aka ba yaro ya kai gida sau da yawa a aljihu take kwana. A bi ta kwamitin iyaye da ke kula da makaranta, ko a roƙi liman ya sanar bayan salla, wanda ya yarda ya sa hannu ko ya dangwala.

Babba ɗaya ga yara 10, kada a rage. In malamai ba su isa ba, a nemi iyaye biyu ko uku, cikinsu lalle da uwa saboda 'yan mata. Yara 45 ba za su shiga rumfar maƙera lokaci guda ba. Su shiga goma-goma, minti goma-goma, sauran suna inuwa suna zana kayan aikin da suka hango tare da rubuta sunayensu: uwar maƙera, masaba, awartaki, zugazugi. Masu shiga su tsaya taku uku daga wuta saboda tartsatsi, kowa da takalmi, kuma a gaya musu tun a aji cewa ƙarfen da ya daina ja bai huce ba. Yawancin ƙuna daga nan take, yaro ya ga baƙin ƙarfe a ƙasa ya ɗauka. In injin niƙa kuka zaɓa, hatsarin bel ne: yana fizgar dogon hijabi da bakin riga, don haka a ja layi a ƙasa wanda ba mai tsallake shi muddin inji yana aiki.

A fita ƙarfe 8, a dawo kafin 11. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, goma da rabi ta yi muku a makaranta. Jarka guda mai lita 25 da kofuna ta ishi yara 45 a gajeriyar fita. Yaro mai sikila ya riƙa shan ruwa akai-akai, ya zauna a inuwa. Mai asma kada ya kusanci hayaƙi. Kiran suna sau huɗu ne, daga rajista: a ƙofar makaranta, da isa, da tashi, da dawowa. Ƙirgen kai ba ya wadatarwa, don yaran unguwa kan shigo ayari su cike gurbin wanda ya ɓace.

Washegari da safe, kafin abin ya huce, kowane rukuni ya tashi ya ba da amsarsa, kowane yaro ya rubuta jimla biyar, sannan aji ya haɗu ya rubuta wasiƙar godiya, yara biyu su kai su karanta wa maƙerin. Ki haɗa masa da ɗan kuɗin gawayi ko goro, don safiyar aikinsa kuka ci.

Tambaya: Kimiyya da baki kawai muke koyar da ita. Bara mun yi lambu, awaki da rashin ruwa suka gama da shi. Wane aiki ne yara za su riƙa yi kullum wanda ba ya cin kuɗi? *Malamin aji shida, daga yankin Misau*

Amsa: Malam, da damina a yi ma'aunin ruwan sama. A samu robar ruwa babba mai miƙaƙƙen jiki, a yanke ta daga kafaɗa, a kifa saman a ciki ya zama mazurari. Gindin roba ba daidai yake ba, saboda haka a zuba tsakuwa da ruwa har inda jikin ya miƙe, a ja layi a nan a rubuta sifiri, a manna rula daga layin zuwa sama. A kafa ta a fili, nesa da gini ko bishiya da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, a ɗaure ta da turke don iska. Kowace safiya ƙarfe 8 yara biyu su durƙusa, ido daidai da saman ruwa, su karanta, su rubuta a jadawalin bango, su mayar da ruwan kan sifiri. Inda ake kuskure: rana ta shanye ruwan ya sauka ƙasa da sifiri ba a cike ba, sai awon gaba ya fito ƙasa da gaskiya.

Daɗin abin yana ga lissafinsa. Milimita 1 na ruwan sama lita 1 ce a kan kowace murabba'in mita. Ajin da tsawonsa mita 8 ne, faɗinsa mita 7, murabba'in mita 56 ke nan. In an yi ruwan milimita 20, lita 1,120 ta sauka a rufinsa, wato jarka 56 mai lita 20. Yaron da ke ɗebo ruwa kullum ya san nauyin wannan amsa.

Kafin shuka kuma, a gwada iri. Ƙwayar wake 20 lafiyayya a faranti ɗaya, 20 wadda ƙwaro ya huda a ɗaya, kowanne cikin jiƙaƙƙen tsumma. A ƙirga masu tsiro kullum har kwana 7. In 17 suka fito cikin 20, kashi 85 cikin ɗari ke nan. Tsumma ya kasance da laima kawai, in ruwa ya kwanta a faranti iri zai ruɓe ya yi fumfuna.

Lambu kuwa, da lissafin ruwa ake fara shi, ba da fartanya ba. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 yana shan kusan jarka guda mai lita 20 kullum da rani. Fangali shida jarka shida ne, har Asabar da Lahadi. In babu mai ɗaukar wannan, a yi biyu. Shinge kafin iri. Ruɓaɓɓen taki za a sa, ɗanye yana ƙona tsiro. Alayyafo ya fi dacewa, don cikin mako huɗu zuwa biyar ake yankansa, ya shiga cikin zango guda. A gauraya cokali ɗaya na irinsa da kofi guda na yashi kafin a watsa, don kada ya cushe. Abin da aka shuka a Yuni a dogon hutu zai nuna, lokacin da ba kowa a makaranta. Kada yara su taɓa maganin feshi, kada kuma a mayar da ban ruwa horon wanda ya makara.

Tambaya: Malamai, ɗana ya dawo ya ce yau kasuwa aka kai su. Ni makaranta na tura shi. Wannan karatu ne? *Wani uba, daga yankin Ɓatagarawa*

Amsa: Baba, littafinsa ne zai raba gardama. Ka ce ya buɗe maka shafin ranar. In ka ga farashin mudun gero da na wake, da lissafin nawa tiya biyar za ta kama, to an yi karatu, irin wanda yake fitowa a jarrabawa. In shafin fari ne, kana da haƙƙin ka tambayi hedimasta. Kuma ko da karatun aka yi, ya kamata a ce an sanar da kai kafin a fita da shi.

Tambaya: Iyaye sun tara kuɗin mota don 'yan aji shida su ga Kano. Wasu malamai na so mu biya ta Dam ɗin Tiga. Wurare nawa za mu iya gani a yini? *Hedimasta, daga yankin Rano*

Amsa: Ranka ya daɗe, biyu. Na uku ba a ganinsa sai da gajiya da yunwa. Da safe Gidan Makama, ginin da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan tarihi ne. Daga nan karofin Ƙofar Mata, su ga yadda baba da toka da ruwa ke zama shuni, su kuma lura da yadda zane ke fitowa daga rijiya da kore-kore, iska ta mayar da shi shuɗi a gaban idonsu. A aika takarda tun da wuri, a tambayi kuɗin shiga na ɗalibai. Makarantun da suka fi kusa da Daura, ko Katsina, ko Argungu, rijiyar Kusugu da Hasumiyar Gobarau da gidan tarihi na Kanta sun ishe su, ba sai sun ratso zuwa Kano ba.

Motar a ɗauke ta a tasha ta hannun ƙungiyar direbobi, a rubuta lambarta da sunan direba a bar wa mataimakinka. Akori-kura da tifa ba motar yara ba ne, bas mai kujera 18 kuma ba ta zama ta 40 don fasinjojin ƙanana ne. Ranar tafiya da hanyar da za a bi, iyaye da hukuma kaɗai za su sani, kada a yi ta yayatawa. A tambayi mai gari da jami'an tsaro halin hanya kwana guda kafin tashi, kuma la'asar ta yi muku a gida. Yaron da iyayensa ba su samu kuɗi ba, a cike masa daga asusun iyaye da malamai. In masu rashin sun kai kashi ɗaya cikin uku, a sauya wuri zuwa kusa.

Tiga kuwa a ba ta ranarta daban, tunda kusa da ku take, a nemi izinin masu kula da dam ɗin, a samu ma'aikacinsu ya yi jagora. Ba shiga ruwa, ko da wanke ƙafa ne. Gefen magudanan ban ruwa yana da santsi, ruwan yana da ja, sannan ruwan da ke kwance a bakin dam yana iya ɗaukar katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Ta cikin fata ƙwayar cutar take shiga, fitsarin jinin kuma sai bayan makonni ko watanni yake bayyana, lokacin da ba wanda zai tuna da ziyarar. Duk yaron da aka ga alamar a gare shi, a kai shi asibiti a faɗa musu ya shiga ruwan dam.