Amsa: Akwai waɗanda suka fito da rai daga kurkukun Tibet?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai shaidu, ko duk farfagandar Turawa ce. Akwai su kam. Palden Gyatso, malamin addinin Buda, an kama shi a 1959, shekarar da Dalai Lama, jagoran addinin Buda na Tibet, ya tsere Indiya. Sai 1992 hukumomin Sin, masu mulkin Tibet, suka sake shi, bayan shekara 33. Haƙoransa sun zube ne saboda sandar lantarki da aka cusa masa a baki. Da zai gudu daga Tibet bayan sakinsa ya tafi da irin kayan azabar, ya baje su a birnin Geneva na Switzerland a 1995.

Ga kuma mata 14 na kurkukun Drapchi a Lhasa, babban birnin Tibet. A 1993 suka naɗi waƙoƙi a kaset a ɓoye, aka ƙara musu shekaru. Waƙa kawai fa!