Baƙi uku a cikin kwamfuta ɗaya: me ya hana su hawa intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan wurin koyar da kwamfuta a Mabera, nan Sakkwato. Na sayi wata babbar kwamfuta ta hannu, na sa mata Ubuntu, na gina ƙananan kwamfutoci uku a cikinta da KVM, manhajar Linux mai gina kwamfuta a cikin kwamfuta: ɗaya tana riƙe da rajistar ɗalibai, ɗaya ta gwajin jarrabawar JAMB ce, ɗayar kuma Windows. Intanet ɗinmu rauta ce ta 4G, babbar kwamfutar tana kama ta ta Wi-Fi. Ita tana buɗe komai, amma ƙananan ko Google ba su buɗewa tun da na mayar da su kan gada kamar yadda na gani a wani bidiyo. Ina kuma so in riƙa duba rajistar daga gidana a Arkilla. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a sana'a. Tambayarka biyu ce ka ɗaure wuri guda: fitar baƙinka zuwa intanet, da shigowar wani daga waje zuwa wurinsu. Ta farkon aikin minti goma ne. Ta biyun ce ke sa mutane kwana a shago suna zargin rauta.

Masu wannan aiki suna kiran babbar kwamfutar mai masauki, ƙananan kuma baƙi, kuma sunan ya dace. Mai masaukinka ƙofa ɗaya gare shi zuwa waje, wato katin Wi-Fi. Hanyoyi biyu ne baƙo zai bi ya fita. Ko dai ya ba mai gida saƙo ya kai masa da sunan mai gidan, in amsa ta dawo ya miƙa masa, wannan shi ne NAT. Ko kuma a bar shi ya fita da kansa ya gaisa da rauta, ta ba shi nasa adireshin kamar kowace waya ko laftof da ke shagon, wannan ita ce gada.

Mai bidiyon bai yi maka ƙarya ba, sai dai ina kyautata zaton kebul ne a jikin tasa kwamfutar. Kowane katin sadarwa yana da lambar shaidarsa da ake kira MAC, kowane baƙo ma an ƙirƙira masa tasa. A kan kebul babu mai tambaya, lamba goma za su iya bin waya ɗaya. Wi-Fi ba haka take ba. Rauta tana sauraron lambar da ta yi sallama ta ba da kalmar sirri ne kawai, wato ta mai masauki. Duk fakitin, wato ɗan ƙunshin saƙo, da ya zo da wata lamba daban zubar da shi take yi. Shi ya sa baƙinka suke ta roƙon adireshi ba wanda ya kula su. Linux kansa ba ya yarda a saka katin Wi-Fi a cikin gada ta gaskiya, zaɓin macvtap, wata hanya mai kama da gada da virt-manager, manhajar sarrafa baƙin KVM, ke nunawa, shi ma a nan yake tuntuɓe. VirtualBox, wata manhaja mai aiki irin na KVM, yana da wata dabarar sauya lambar a hanya, wani lokaci ta yi aiki, wani lokaci ta ƙi.

To ga abin da za ka yi yau. Ka mayar da katin kowane baƙo kan hanyar da KVM ya zo da ita, mai suna default. In ta mutu ka tashe ta da virsh net-start default, ka bi da virsh net-autostart default. Kada ka raina umarni na biyun. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, duk saitin da ba ya tashi da kansa bayan kwamfuta ta mutu ta dawo, kamar ba ka yi shi ba ne. Wannan hanya tana ba mai masauki adireshin 192.168.122.1, ta raba wa baƙi daga 192.168.122.2 zuwa sama, ta kunna izinin wucewar fakiti, ta kuma rubuta dokar NAT, duk da kanta.

Sai gwaji daga cikin baƙo, bi da bi. Ka yi ping, umarnin da ke ƙwanƙwasa adireshi ya ji ko za a amsa, zuwa 192.168.122.1. In ya amsa, baƙo da mai masauki suna jin juna. Ka yi zuwa 8.8.8.8, wani adireshin Google a intanet. In wannan ya ƙi, matsalar wucewa ce, duba a mai masauki ko saitin net.ipv4.ip_forward yana kan 1. In lamba ta amsa amma google.com ya ƙi, hanya lafiya take, DNS ne mai juya suna zuwa lamba ya samu matsala. Mutane da yawa sun goge kwamfuta gaba ɗaya saboda wannan ɗan abu.

Amma in ka bi tawa, NAT ba zai zama mazauninka ba. Ɗalibanka da ke zaune a shago suna buƙatar shiga baƙon JAMB daga nasu kwamfutocin, alhali baƙon da ke bayan NAT yana cikin gida ne, na waje ba ya ganinsa. Ka sayi kebul mita biyu ko uku, ka haɗa babbar kwamfutar da bayan rauta, ka gina gada mai suna br0 a netplan, wurin saitin sadarwar Ubuntu, a kan katin kebul ɗin, ka mayar da baƙin kanta. Daga nan rauta ce za ta ba su adireshi. In irin mai 192.168.8.1 ce, baƙonka zai zama kamar 192.168.8.50, kuma duk wanda ke shagon zai same shi. Ka shiga saitin rauta ka ɗaure wa baƙon rajista da na JAMB adireshi tsayayye, don kada ya sauya ranar da ɗalibai suka cika ɗaki. In rautar ƴar aljihu ce marar ramin kebul, lokacin canza ta ya yi.

Yanzu batun Arkilla. Abin da za ka ji ana faɗa shi ne ka buɗe ƙofa a rauta, ka nuna ta ga baƙon. Kafin ka ɓata lokaci, duba abu ɗaya. Shiga shafin rautarka ka ga adireshin da kamfani ya ba ta, sannan ka tambayi Google adireshin da duniya ke ganinka da shi. In sun sha bamban, musamman in na rautar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan CGNAT. Ma'ana gidanka kansa yana cikin wani babban gida ne, kuma makullin ƙofar waje yana hannun kamfani. Ko ka wangale zaurenka, mai sallama ba zai iso ba, domin adireshin da ya biyo na jama'a ne masu yawa, ba naka kai kaɗai ba.

Ba rowa ba ce ta kawo haka. Adiresoshin IPv4, wato irin waɗannan masu lamba kashi huɗu, kusan biliyan 4.3 ne duk duniya, kuma babban rumbunsu ya ƙare a watan Fabrairun 2011. A 2012 aka keɓe jerin 100.64 musamman don wannan rabo. Layukan waya galibi haka suke aiki, Starlink ma da ya shigo Najeriya a farkon 2023 haka yake yi wa masu tsarin gida.

Mafita ita ce baƙon ya fara kiran waje da kansa, tunda fita ba a hana ta ba, sannan kai ka biyo hanyar da ya buɗe. Mafi sauƙi a irin wurinka shi ne Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta keɓaɓɓiyar hanya: ka sa shi a baƙon rajista, ka sa a wayarka ko laftof ɗinka, ka shiga da asusu ɗaya, su haɗu. Adireshin da zai ba ka shi ma da 100 yake farawa, kada ya ruɗa ka. In kana son komai a hannunka, ka yi hayar ƙaramar saba mai adireshin kanta, ka shimfiɗa ɓoyayyiyar hanya ta WireGuard tsakaninta da baƙon, ka sa PersistentKeepalive a 25 don kada NAT ɗin kamfani ya manta da ku in kun yi shiru. Wannan yana cin kuɗi kowane wata da ɗan karatu. Ni dai ko an ba ni adireshin waje kyauta ba zan buɗe ƙofar 3389, wadda ake shiga Windows daga nesa ta cikinta, ga duniya ba, balle sunayen ɗaliban mutane da lambobinsu suna ciki.

Wata rana in ka koma kan faiba mai amfani da PPPoE, wani tsarin haɗa rauta da kamfani, ka ga ping yana tafiya amma wasu shafuka suna tsayawa rabi, ka tuna da girman fakiti. Kebul yana ɗaukar bayit 1500, PPPoE yana cinye 8, saura 1492. Yawancin rauta suna daidaita wannan da kansu. In ba ta yi ba, rage MTU na baƙin, wato iyakar girman fakitinsu, zuwa 1492.

Kuma ka sa ido a kan data. Kwamfuta ɗaya kake gani a ƙarƙashin tebur, amma baki huɗu ne ke ci, kowanne yana saukar da sabuntawarsa. Baƙon Windows ya fi kowa ci, don a ganinsa kebul ne gare shi, ba ruwansa da cewa layin waya ne a ƙarshen hanyar. Shiga saitin sadarwarsa ka kunna zaɓin da ke nuna masa datar a ƙidaye take. Na JAMB kuwa, in tambayoyin suna cikinsa, ba ya buƙatar fita ko kaɗan: bar masa adireshinsa na cikin shago, ka cire masa adireshin rauta daga gurbin ƙofar fita.